Wankin Hoto Muka Biya, Ba Wankin Mutum Ba

'Yan uwana mata, yau da masu hoto nake, amma mu ma ba zan ƙyale mu ba.

Kwanan baya muka aurar da ƙanwata a nan Kakuri. Yarinya ce baƙa mai sheƙi, irin wadda in ta sha lalle da kwalli ba ka son ɗauke ido. Da aka kawo albam muka baje a tsakar gida, sai Inna ta kai wani hoto kusa da idonta ta ce, "Wannan kuma 'yar gidan wa ce ta sa kayan 'yata?" Aka kwashe da dariya, ni kuwa wallahi raina ne ya ɓaci.

Washegari na yafa gyalena sai shagon. Na ce, "Malam, wankin hoto muka biya ka, wa ya sa ka wankin mutum?" Ya ce, "Hajiya, zo ki gani." Ya buɗe Photoshop a kwamfuta, ya zagaye fuska da wuya, ya ja wani ɗan layi haske ya ƙaru, ya rage ja da ruwan ƙasa, kafin ka ce kwabo ta koma fara fat kamar mai jinya. Leshin nan namu kore shar ya koɗe, ƙafafu kuwa ya manta da su, suna nan baƙaƙe abinsu. Sai ya ce, "In ban ƙara ba, amare dawo mini da shi suke yi." Nan bakina ya mutu, don ba ƙarya ya yi ba.

Ni fa ban ce kada a gyara hoto ba. In an ɗauke wuta ana tsakar kamu hoto ya yi duhu, a gyara mana. Da can ma fim ɗin Kodak da fatar Baturiya ake auna launinsa, shi ya sa iyayenmu ke fitowa daga ido sai haƙora. Yanzu da aka samu na'urar da za ta fito da launinmu yadda Allah ya yi shi, ita ce kuma muka mayar sabulun kankare mu? Haba!

Ga amarya nan kullum ta dubi bango ta ga fara, ta dubi madubi ta ga baƙa, har ta fara tambayata wane mai ne ba ya ƙona fuska. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna shafa man ƙara haske, a 2023 kuma NAFDAC ta kira abin matsalar gaggawa, don wasu mayukan har ƙoda suke taɓawa. A Faransa tun 2017 in aka sauya surar jikin mace a hoton talla dole a rubuta an taɓa shi. Mu nan wa zai rubuta?

Mu marubuta ma da laifinmu. Littafi nawa kika karanta da tauraruwar ba fara sol ba ce, mai dogon hanci da gashi har gadon baya? Har da nawa a ciki, ba na musu.

Na dai biya shi kuɗi karo na biyu ya wanko mini yadda kyamara ta ɗauka. Inna na gani ta ce, "Yauwa, ga 'yata." Amarya kam har yau farin ne rataye a falonta.