Kantabari Ta Fi Ƙarfin Sa'a Biyu

Kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Landan suna da wata haja da ke tashi sosai a wurin baƙi. A zuba mutum a doguwar mota da sassafe, a kai shi fadar Lids da ke tsakiyar tafki, a wuce da shi Kantabari, a ƙarasa da shi Doba ya hango fararen duwatsun bakin teku, a dawo da shi masauki kafin dare ya yi nisa. Wurare uku a yini guda, kuɗi guda. Ga wanda ya zo Ingila da 'yan kwanaki ƙidayayyu a hannu, ko ɗalibi, ko ɗan kasuwa, ko wanda ya rako mara lafiya ya sami yini ɗaya na sararawa, cinikin yana kama da garaɓasa. Ni a ganina asara ce aka naɗe da takarda mai ƙyalli, kuma Kantabari ce ta fi kowa cutuwa a ciki. Lokacin da motar ke ware wa garin da wuya ya wuce sa'a biyu, a ciki za a ci abinci, a ciki za a bi layin shiga, a ciki za a nemi inda aka ajiye motar. Wanda yake da yini ɗaya tak, gara ya ba Kantabari yinin gaba ɗaya, ya bar Doba da duwatsunta sai wani jiƙon. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku.

Hujjar farko tana cikin yadda tarihin garin ya shimfiɗu a ƙasa. A shekarar 1988 da hukumar UNESCO ta sa Kantabari cikin wuraren tarihi na duniya, gine-gine uku ta haɗa a suna guda: babbar majami'ar da kowa ya sani, da kangon gidan sufaye na Agustin, da wata 'yar ƙaramar coci mai suna Sen Matin da ke kan tudu a gabashin gari, bayan ganuwa. Motar 'yan yawon buɗe ido wuri ɗaya kawai take kai mutum, wato babbar majami'ar, ta ƙarshe a jerin labarin, kamar a buɗe wa mutum littafi daga babi na uku. Labarin a 'yar cocin nan ya fara. A cikinta Bata, 'yar sarautar Faransa da ta auri Etalbat sarkin Kent, take ibadarta tun mijinta yana bin addinin kakanninsa. Da Agustin, wanda Fafaroma Giregori ya aiko daga Rum, ya iso a shekarar 597, nan ya fara ibada da jama'arsa. Wanda ya tsaya ya dubi bangon ɗakin da kyau zai ga siraran jajayen tubalan zamanin Rumawa a cakuɗe da duwatsu, an ciro su daga tsofaffin gine-gine an sake aiki da su, kamar yadda ake kwashe ƙasar tsohon zaure a yi sabo. Ana ɗaukar ta a matsayin cocin da ta fi kowace daɗewa ana ibada a cikinta ba yankewa a duk ƙasashen da ke magana da Ingilishi. Daga nan a gangaro 'yan mintuna a ƙafa zuwa gidan sufaye, wanda aka kafa a wajen ganuwa saboda al'adar Rumawa ta hana binne gawa a cikin gari, kuma a nan aka binne sarakunan Kent da manyan limaman farko. Sai an ga waɗannan biyun ne girman ta ukun yake ba da ma'ana, domin mutum ya ga daga ina aka taso.

Ita kanta babbar majami'ar ba ta karɓar gaggawa. Ginin da ke tsaye yau aikin ƙarni da yawa ne, hawa kan hawa. Gobara ta cinye na farko a 1067, Akbishop Lanfaran ya fara sabo a 1070 da farin dutsen da aka yi ta jigilarsa ta ruwa daga Kan a arewacin Faransa. Ranar 29 ga Disamba, 1170, barade huɗu na Sarki Henri na Biyu suka biyo Akbishop Tomas Beket har cikin ɗakin ibada suka sassare shi, bayan shekaru ana ja-in-ja kan wa ke da ikon hukunta malaman coci, sarki ko coci. Kafin shekara uku ta cika Fafaroma ya ayyana shi waliyyi, a 1174 kuma sarkin da kansa ya shigo gari ba takalmi, ya miƙa bayansa sufaye suka yi masa bulala a gaban kabarin. A wannan shekarar wata gobarar ta ci gabashin ginin, aka ɗauko wani magini Bafaranshe, Wiliyam na Sans, wanda ya faɗo daga katakon gini a 1178 ya nakasa, wani Wiliyam ɗin ɗan Ingila ya ƙarasa aikin. Duk wannan ana iya karanta shi a waya a cikin mota. Abin da waya ba ta bayarwa shi ne matakalar dutse da ke hawa zuwa inda hubbaren Beket yake, wadda tsakiyarta ta lotsa kamar tsohon dutsen niƙa saboda ƙafafu da gwiwoyin masu ziyara na shekara ɗari uku da wani abu. A saman matakalar babu hubbaren. Sarki Henri na Takwas ya sa aka rushe shi a 1538, aka kwashe zinariya da duwatsu masu daraja zuwa baitulmalinsa, a shekarar da ya rufe gidan sufayen da aka baro a baya. Abin da ya rage fili ne fayau, da kyandir guda yana ci a ƙasa. Kewaye da filin akwai tagogin gilashi masu launi na ƙarni na 13, kowace da'ira tana ba da labarin wani talaka ko mai hali da aka ce ya warke a kabarin: ga mahaukaci an kawo shi a ɗaure, ga yaro an tsamo daga kogi. Karanta taga ɗaya daga ƙasa zuwa sama yana cin kwata na sa'a. Mai rakiya da ke ɗaga lema yana ƙirga kawuna ba shi da wannan kwatan.

Za a ce, to ai talaka bai iya wannan falalar ba. Wanda ya biya kuɗin biza da na jirgi, kuma bai san ko zai sake dawowa ba, dole ya tara wurare gwargwadon iko. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba girman kai ne zai amsa ta ba. Lissafi ne zai amsa ta. Tun 2009 jirgin ƙasa mai gudun tsiya yana tashi daga tashar Sen Pankiras a Landan ya isa tashar yamma ta Kantabari cikin kimanin sa'a guda, tafiyar da a zamanin Chosa, marubucin hikayoyin masu ziyarar Kantabari a ƙarshen ƙarni na 14, take cin kwana uku ko huɗu a kan doki. Akwai kuma wanda bai kai shi sauri ba daga tashar Biktoriya. Daga tashar yamma zuwa tsakiyar gari tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna, ta ƙarƙashin Ƙofar Yamma da aka gina wajen 1380, wadda ta fi kowace tsohuwar ƙofar gari da ta rage a Ingila girma. Wanda ya bi jirgi yana da sa'a bakwai ko takwas a cikin gari. Wanda ya bi motar wurare uku, rabin yininsa a kan kujera zai ƙare yana kallon bayan manyan motocin da ke tururuwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Doba. Idan abin da ake saye da kuɗin shi ne lokacin gani da ido, to mai jirgin ya fi samun rahusa nesa ba kusa ba. Abin da mai motar ya fi shi da shi hotuna ne, uku maimakon ɗaya, kuma ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan zafi, kuma har 'yan Ingila suna yin sa: ta yaya za a tsayar da mutum a ƙofar ɗakin ibada a ce sai ya biya? A Faransa shiga irin waɗannan majami'u kyauta ne, haka ma a Daram da ke arewacin Ingila gudummawa kawai ake roƙo. Sai dai na Faransa suna da uba a gindin murhu, domin tun dokar 1905 gwamnati ce ke da tsofaffin manyan majami'u, ita ke gyara su da kuɗin haraji. A Ingila, duk da cewa sarki ne shugaban cocin ƙasa, babu wani kaso na yau da kullum da gwamnati ke ware wa waɗannan gine-gine. Kowace majami'a ita ke neman na kanta, sai ɗan tallafin da kan faɗo jefi-jefi. Kantabari tana riƙe da masassaƙa dutse nata da masu gyaran tsohon gilashi, aikin da ba ya ƙarewa, domin kafin a gama gefe guda ruwan sama da sanyi sun ci wani. Wanda ya zo ibada ba a karɓar masa ko sisi. Wanda ya zo kallo kuwa, ban ga zalunci ba idan aka ce ya sa hannu a gyaran abin da ya zo kallo. Amma a lura da inda wannan ya kai mu: kuɗin shiga ɗaya ne ga wanda ya yi minti arba'in da wanda ya yi sa'a uku. In akwai wanda kuɗin ƙofar ya cuta, mai gaggawar ne.

Akwai kuma masu cewa garin ya riga ya zama kasuwa, titunansa cike da shagunan tsaraba da 'yan makaranta daga Faransa da Beljiyam, saboda haka ba abin da za a tsaya nema bayan an ga majami'ar. Gaskiya ne babban titin yana cunkushewa da rani. Sai dai wanda ke kukan kasuwa ta ɓata Kantabari bai san Kantabari ba. Tun ƙarni na 12 garin yake cin abinci da baƙo. A 'yar siririyar hanyar nan ta Masari da ke kaiwa ƙofar majami'a, inda yau ake sayar da kofuna da riguna masu hoton gini, a da ana sayar wa masu ziyara bajojin dalma da 'yan kwalabe na ruwan da aka ce an gauraya da jinin Beket. Masaukin Istbirij da ke kan kogin Situwa an gina shi ne a ƙarshen ƙarnin domin matalautan masu ziyara su sami wurin kwana, kuma yana nan tsaye. Tsaraba dai tsaraba ce, kayan ne suka sauya. Kuma taku kaɗan daga hayaniyar akwai abubuwan da mai sa'a biyu ba ya ko jin labarinsu. A daren 1 ga Yuni, 1942, jiragen Jamus sun ƙone wani babban yanki na garin, majami'ar ta tsira ne saboda masu gadin da suka kwana a kan rufi suna jefar da bama-baman wuta ƙasa, ko da yake ɗakin karatunta ya tafi. Da aka zo kwashe ɓaraguzai sai ga daɓen wani gidan Rumawa mai ado a ƙarƙashi, wanda yanzu aka yi gidan tarihi a kansa, ana sauka ta matakala a gan shi a inda yake. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na majami'ar kuma har yau ana yin ibada da Faransanci ranar Lahadi, gadon masaƙan da suka gudo daga rikicin addini a Faransa da ƙasashen kusa da ita tun ƙarni na 16 aka ba su mafaka a nan.

Mai karatu daga ƙasarmu yana da nasa dalilin na musamman. A cikin wannan ginin ne, ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa Samuwel Ajayi Kurauda bishop, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilika. Yaro ne Bayarabe da aka kama bawa, jiragen ruwan Ingila suka ƙwato shi aka sauke shi a Saliyo, daga baya ya yi aiki a bakin Kwara, a Lakwaja, yana hulɗa da Etsu Masaba na Bida. Ko mutum yana ganin zuwan mishan alheri ne ko akasin haka, wani zaren tarihin Nijeriya a nan aka ƙulla shi, kuma tsayawa a wurin ya fi karanta shi a littafin makaranta. Wanda kuma fahimtarsa ta addini ba ta ba shi ya shiga coci ba, garin bai ƙare masa ba: akwai ganuwar da ake tafiya a kanta, da tudun Den Jon da ake hawa a hango gari duka, da kwale-kwalen da ake tuƙawa da gora a kan Situwa ta gefen tsofaffin gidajen masaƙa.

Tsarin yana da nasa cikas, ba zan ɓoye ba. 'Yar cocin Sen Matin ba kullum take buɗe ba, kangon gidan sufayen ma yakan taƙaita ranakunsa da hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, saboda haka sai mutum ya bincika kafin ya sayi tikiti. Amma wanda ya dace da ranarsa, ya fara daga tudu da hantsi, ya gangaro kango kafin azahar, ya shiga majami'a bayan ya ci abinci, zai kai lokacin da motocin suka kwashe mutanensu suka nufi Doba. Daga nan harabar takan yi tsit, a fara jin ƙarar takalmin mutum ɗaya a kan dutse, mawaƙan majami'a su shigo a jere domin addu'ar yamma wadda ba a biyan kuɗin shigarta. Jiragen komawa Landan kuwa suna nan suna tashi har dare.