Gansakukar Gidimuni: a fara ƙirga ta gida

Wanda ya bi hanyar Gure daga Damagaram ya san Gidimuni da dabino da rake da lambuna, da kuma tafkin da ya shiga jerin dausayin Ramsar a 2019. Kore-koren da ke kwanciya a bakin ruwa kuwa ba mai ko kallonsa. Mai lambu ya ture gansakukar da gindin guga, ya ɗebi ruwansa, ya wuce.

Alhali a cikin irin wannan kore akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, wasunsu suna tara mai a jiki, man da za a iya sarrafa shi ya zama na mota. Manyan ƙasashe sun daɗe suna kwaɗayin abin. Daga 1978 zuwa 1996 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta tattara iri kusan 3,000, ta tace ta bar wajen 300, ta gwada a buɗaɗɗun kududdufai a Roswell, jihar New Mexico. Can aka ga abin mamaki: irin da aka lallaɓa a ɗakin bincike, da an fito da shi fili sai na gida ya mamaye shi. Kamfanin ExxonMobil ma ya zuba sama da dala miliyan 350 tun 2009, a 2023 aka ji ya tattara nasa ya nasa.

Iri ɗaya rak a kududdufi ganganci ne. Ƙwaro ko cuta guda na iya share shi cikin ƴan kwanaki. Idan kuwa iri ya yi yawa, wanda cutar ta tsallake sai ya cike gurbi. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya ba ya bukatar a yi masa bayani. A Damagaram ma dalilin ya fi ƙarfi, don ruwan da ya sha sanyin hunturu ba shi ne na bazara ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwa ya ja baya, kanwa ta ƙaru. Da wuya a sami iri guda da zai jure duka biyun.

Maƙwabta sun riga mu. Matan Kanembu a Chadi suna kwasar wata gansakuka mai suna sifirulina daga tafkunan kanwa, su shanya a kan rairayi, su sami dihe na miya. Sai dai ita furotin ta tara, kusan kashi 60 cikin 100, mai kuwa kaɗan ne. Ta ciki ce, ba ta tanki ba.

Maganar gaskiya, yankin da matatar mai ta SORAZ, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ke aiki tun 2011 ba zai sha man gansakuka gobe ko jibi ba; tsadarsa ta kori masu kuɗi ma. Abin da ke hannu shi ne aikin da ba ya cin kuɗi sosai. Ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram su riƙa ɗibar ruwan Gidimuni da damina da hunturu da bazara, su rubuta irin da ke ciki, wanne ke tara mai, wanne ya dace da abincin kifi, wanne zai yi taki. In an kai ga gwaji, a haƙa kududdufan a filin da kanwa ta riga ta kashe, kada a taɓa ruwan da masu rake da dabino ke ban-ruwa da shi.