Dafin macijinmu, karatun wasu

Duk sa'ad da aka yi zancen ƙirƙirarriyar basira a taron masana, sai wani ya miƙe ya ce wannan alatu ne, mu fara da burtsatse tukuna. Ina so mai wannan magana ya bi ni gonakin Birniwa da fadamun Haɗeja lokacin girbi, inda manomi ke sa hannu cikin dami ba tare da sanin ko kububuwa na kwance ciki ba.

Dafi cakuɗen furotin ne, kowane furotin kuma tamkar carbi ne da aka jera da amino asid iri 20. Na'urar auna nauyin ƙwayoyi tana farfasa carbin, ta auna gutsattsarin. Bambancin nauyi tsakanin gutsure da gutsure shi ke nuna ƙwayar da ta fita. Hanyar da aka saba ita ce a gwada sakamakon da kundin furotin da aka riga aka sani. To, abin da ba a taɓa rubutawa ba fa? Sai ya wuce kamar babu shi. Halittun ƙasarmu kuwa rabonsu a kundin nan kaɗan ne.

Manhajoji irin su DeepNovo ta 2017, da Casanovo, da InstaNovo ta 2025, sun koyi karanta jerin kai tsaye daga awon, ba kundi. Suna kuskure, lusin da aisolusin ma nauyinsu ɗaya. Amma InstaNovo, wadda kamfanin InstaDeep da aka kafa a Tunisiya ya gina tare da Jami'ar Fasaha ta Denmark, an gwada ta har a kan dafin maciji.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Maganin EchiTAb da asibitin Kaltungo ya shahara da shi, daga macizan Najeriya aka samo dafinsa, aka tatsa a Liverpool, aka haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, sannan muka saya da kuɗin waje. Yanzu manhajar karatun ta zama ta kowa, kyauta a intanet. Abin da ya rage shi ne na'ura, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da za a riƙe da albashi mai mutunci.

Jami'ar Bayero tana da masana saran maciji, irin su Farfesa Abdulrazaq Habib. Gwamnatocin Jigawa da Kano su haɗa kuɗi su ajiye musu na'ura ɗaya, a fara da kububuwar Birniwa.