Zangunan Dutse A Tsohuwar Hanyar Amurka

A wannan wata za mu leƙa Amurka ne, mu ga irin nasu zangunan na da.

A shekarar 1811 gwamnatin ƙasar ta fara gina wata babbar hanya daga garin Cumberland a jihar Maryland. Ta isa Wheeling a bakin kogin Ohio a 1818, daga baya ta miƙe har Vandalia a jihar Illinois, tafiyar mil 600 da 'yan kai. Masu kekunan doki na ɗaukar kaya da masu kora shanu da tumaki suka yi ta bin ta, sai gidajen saukar baƙi suka tsiro a gefenta, da yawa na dutse, a wasu wuraren kusan kowane mil ɗaya.

Gidajen iri biyu ne. Akwai na masu hali, inda ake samun ɗaki da gado. Akwai kuma na direbobin kaya, masu faffaɗan fili na dabbobi, inda mutum zai ci tuwonsu, wanda ke shan giya ya sha, sa'an nan ya shimfiɗa bargo kusa da murhu ya kwana. A nan ake jin labarin farashi da na siyasa.

Da jirgin ƙasa ya iso Wheeling a 1853, sai ƙafa ta ɗauke. Wasu gidajen suka koma na zama, wasu suka rushe. Amma akwai waɗanda jama'ar wurin suka riƙe, kamar Century Inn a jihar Pennsylvania, ginin 1794, wanda gobara ta cinye a 2015 aka sake gyara shi.

Mu wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Sunan unguwanninmu ma, zango, daga wurin saukar fatake ya samo asali, lokacin da kakanninmu ke zuwa Salaga sayen goro, maigida ya sauke su, ya ci da su, ya yi musu dillanci. Da ciniki ya bar Salaga bayan yaƙin 1892, mutanenmu suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra.

To, ina gidajen waɗancan masu gida? Wa ya rubuta sunayensu? Kafin a rushe sauran a gina shaguna, mu zauna da dattawanmu, mu ɗauki hotunan zaurukan, mu rubuta abin da suka sani.

Sai wata mai zuwa.