A Mayar Wa Mota Tsayinta Na Kamfani

Hirarmu ta wannan makon a gareji za mu yi ta.

Ɗaya daga cikinmu ya yi tarin shekara uku ya sayi Honda Accord, irin wadda ake ce wa EOD. Mai ita na farko, can Amurka, ya cire sifirin ɗin kamfani ya sa gajeru, motar ta kwanta ƙasa kamar kyanwa ta yi lamɓo. Ranar da ya kawo ta muka zagaye ta muna ta yabo. Ba a rufa wata biyu ba, muna hanyar ɗaurin aure mu biyar a ciki, ya hau tudun rage gudu. Cikin motar ya daki siminti, kwanon baƙin mai ya tsage, mai ya tsiyaye. Da bai lura da jar fitilar nan ya kashe ta ba, da injin ya tafi. Fatiha kuwa sai a waya muka ji an shafa.

Tun ranar ake gardama a majalisarmu. Mu dai ra'ayinmu shi ne, duk wanda ya sayi mota haka ya mayar mata da sifirin ɗinta na asali kafin ma ya yi tunanin fenti ko rediyo.

Masu son kwantacciyar mota ba ƙarya suke yi ba. Ta fi riƙe ƙasa a kwana, ta kuma fi kyau a hoto. Amma wannan lissafin mai titi sumul ne. Gajeren sifirin yakan rage tsayi da inci ɗaya zuwa biyu, kuma wannan ɗan tazarar ita ce ke tsakanin salansarka da dutse a lungunanmu idan damina ta zaizaye su. Shokzoba ma an yi ta ne daidai da tsawon sifirin ɗin kamfani. In aka gajarta, kullum a matse take aiki, sai ta fara yoyo da wuri. Tayoyi su karkata ciki, gefen ciki ya cinye alhali na waje yana nan sabo, kai kuwa kana ta zargin mai taya. Mafi muni shi ne wanda aka yanke da giranda ko aka gasa da wutar walda. Ƙarfen ya riga ya mutu, ranar karyewarsa kawai ake jira.

Iyayenmu ba banza suka riƙe Peugeot 504 ba, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Tsayinta ne ya sa take shiga ƙauye da buhunan hatsi ta fito lafiya.

Inda muka fi samun saɓani shi ne da makanikan da ke cewa a cusa roba ko ƙarfe a saman gajeren sifirin a ɗaga ta, ya fi arha. Tsayi zai dawo, amma taurin yana nan, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka. Gara a shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo na asali. A faɗa wa mai shago shekarar motar da girman injinta, don na mai silinda 4 daban yake da na mai 6. A canza biyu-biyu, hagu da dama tare. A duba shokzoba tun tana hannu, kada a biya kuɗin aiki sau biyu. Kada kuma a yarda yaron gareji ya kwance sifirin ba tare da abin matse shi ba, don in ya kuɓuce yana iya fasa fuskar mutum. Notocin bushin sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta sannan a ɗaure su tamau. Daga nan a wuce wurin alaimin kai tsaye, in ba haka ba sababbin tayoyin ma haka za su cinye.

Abokin namu ya yi duk wannan, ya ce kuɗin ya ci masa rai. Jiya mun hau tudun nan mu biyar, ba mu ji komai ba. Gajerun sifirin ɗin suna but ɗinsa, har wani ƙaninmu mai Civic ya fara tayawa.