Takalmin Ƙwallo Da Dabarar Da Ba Ta Da Takarda

Na san da yawanku babi na gaba kuke jira, to ku yi mini afuwa, yau dai Hajiya da kishiyarta za su huta, domin akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun ranar da na kai takalmin ƙwallon ɗana gyara.

A Kakuri aka haife ni, mahaifina ma'aikacin masaƙa ne, kuma duk wanda ya tashi a tsallaken kogin Kaduna ya san irin filayen da yaranmu ke buga ƙwallo: jar ƙasa mai tsakuwa, wadda da rani ba ta da maraba da daɓen siminti. Takalman da muke saya musu a gwanjo kuwa domin ciyawar Turai aka yi su, shi ya sa ba a wata biyu haƙoran ƙasan sun cinye, ko su karye, ko yaro ya gurɗe.

Akwai wani dattijo shumeka a unguwarmu, da makanikin injin saƙa ne, har zuwa 2002 da aka rufe masaƙar KTL ya koma bakin titi da akwatinsa. Da na miƙa masa takalmin sai ya yanke sauran haƙoran, ya yanko tsohuwar taya, ya fiƙe mata ƙananan haƙora gajeru masu yawa, ya jera su gwargwadon inda ƙafa ke taka ƙasa, sannan ya ɗinke maimakon ya manna da gam. Wallahi yaron nan ya shekara yana murzar takalmin. Kafin ka ce kwabo yaran Makera da Nasarawa sun yi masa layi, kafin wani ɗan lokaci kuma duk shumekan da ke yankin ya kwaikwaya.

Na ce masa, "Baba, wannan dabarar taka ka taɓa tunanin yi mata rajista?"

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rajistar me? Ai arziki na Allah ne, kowa ya samu ya ci."

Ban musa masa ba, dattijo ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma na tafi ina ta saƙe-saƙe, domin abin da ya yi bai da nisa da abin da ya mayar da wasu attajirai a duniya.

Ku dubi Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Oregon ta Amurka, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin Nike. Kaskon matarsa na toya wata irin waina mai gida-gida ya ɗauka, kamar dai tandarmu, ya zuba narkakkiyar roba a ciki domin ya samu tafin takalmi mai kama ƙasa kuma marar nauyi. A 1974 aka ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira. Kaskon ya lalace, amma takardar ta taimaka wajen gina kamfani.

Ita kanta ƙwallon da muke bugawa haka tarihinta yake. A da bakinta ɗinki ne da igiyar fata kamar takalmi, in mutum ya sa kai sai ta tsaga masa goshi. A 1931 wasu mutum uku a garin Bell Ville na Ajantina, Polo da Tossolini da Valbonesi, suka fito da ƙwallo marar igiya wadda ake hura wa iska ta ɗan ƙaramin baki, suka yi mata rajista. Kafin su kuma akwai Charles Goodyear da ya mallaki dabarar dafa roba da farar wuta a 1844, wadda da ba ita ba da robar ƙwallo ta riƙa danƙo da zafi tana sandarewa da sanyi. A zamaninmu, ranar 12 ga Oktoba 2019 Eliud Kipchoge ɗan Kenya ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 a ƙasa da awa biyu a birnin Biyana, sanye da takalmin Nike mai faranti a cikin tafinsa. Muhawarar da irin takalman nan suka tayar ta sa a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafin takalmin gudun titi, kada ya wuce milimita 40. Ƙafar ta Afirka ce, takardar takalmin kuwa tana Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To jama'a, ba wai mu ba mu da doka ba ne. Tun 1970 Nijeriya ke da dokar mallakar ƙirƙira da zane, kuma ofishin rajistar yana ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya a Abuja. Wanda ya samu takardar, shekara 20 babu mai ikon ƙera abin ko sayar da shi a ƙasar nan sai da izininsa, muddin yana biyan kuɗin shekara-shekara. Akwai kuma hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, cikin ayyukanta har da taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajista.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne nake so ku buɗe kunne. Mu marubuta, da zarar ka rubuta labarinka haƙƙinsa ya zama naka ko ba ka je ofishin kowa ba. Ƙirƙira ba haka take ba. Na farko, dokar ta ce dole abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar da aka shigar da takarda, ko ta rubutu, ko ta baki, ko ta amfani da shi. Na biyu, wanda ya riga shigar da takarda shi doka ta fara sani. Ke nan ranar da Baba ya miƙa mini takalmin nan a bakin titi, ranar ya yi kyauta da dabararsa, ko da a ce babu wanda ya riga shi yinta a duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san wani zai ce, Malam, takarda ba ta cika ciki. Haka ne. Ni ma na ga littafina a kasuwa da bangon da ban sani ba, doka tana nan amma ban samu ko sisi ba. Kuma ko Baba ya samu takardar, ina masana'antar da za ta buga masa dubu goma? Duk wanda ya ratsa Kakuri ya ga gine-ginen masaƙun da ciyawa ta cinye ya san amsar. A 2018 duniya ta yi ta rububin rigar Super Eagles ta gasar kofin duniya a Rasha, amma Nike ce ta yi ta, ba garin da ya taɓa tufatar da Arewa ba.

Duk da haka ban yarda mu naɗe hannu ba. Mai takarda yana da abin da zai ɗora a tebur, zai iya ba mai jari haya ko ya sayar. Marar takarda kuwa sai dai a ce masa sannu da ƙoƙari. Garin Siyalkot na Pakistan da ɗinkin hannu ya yi suna, har ya kai ga yin ƙwallon gasar kofin duniya ta 2014. Mu da muke da fatar jar akuyar Sakkwato, ga cibiyar nazarin fata a Samarun Zariya, me ya rage mana in ba haɗa mai hannu da mai biro ba?

Shawarata uku ce. Ƙungiyoyin masu sana'a, dukawa da shumeka da maƙera, su nemi lauya ko malamin kwaleji guda da za a riƙa tuntuɓa kafin a fitar da sabon abu. 'Ya'yanmu da suka yi boko su zauna da iyayensu su zana dabarun nan, su rubuta awo da kwanan wata, su kama bakinsu har a bincika. Mu marubuta kuma, da muka iya sa matasa kuka a kan soyayya, ko sau ɗaya mu sa jarumin labari ya zama mai ƙirƙira.

Jiya na wuce Baba yana lanƙwasa wani abu da ledar jarka, ya ce kariyar ƙwauri yake gwadawa wadda ba ta tara gumi. Na ce, "Baba, don Allah mayar da shi akwati tukuna." Ya dube ni ya yi murmushi, amma dai ya mayar.

Allah ya sa mu dace. Babi na gaba yana nan tafe in sha Allahu.