Injin Kwale-kwale: Intanet ko Dillalin Gari?

Sanin kowa ne cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru a bayanta ya zama babbar hanyar mutanen Yauri da Wara da ƙauyukan da ke gaɓarsa. Ranar kasuwa, kwale-kwale mai inji shi ne motarsu. Shi ya sa ma'aikacin da ya fito daga wannan yanki, in ya karɓi kuɗin sallama, sau da yawa tunaninsa na farko shi ne ya saya wa ƙanensa inji, ya riƙa jigila ana samun na cefane. A da wajen dillali yake nufa. Yanzu kuwa sai ya ga hoton inji yana walƙiya a intanet, farashinsa bai kai na dillali ba, nan take ya aika da kuɗi.

A ganina wannan ganganci ne, kuma ba tsoron 'yan damfara kaɗai ya sa na faɗi haka ba. Ko da mai sayarwar mutumin kirki ne, bai san jirgin da za a ɗaura wa injin ba. Akwai inji mai gajeriyar ƙafa, kimanin inci 15, akwai mai doguwa, inci 20. In ƙafar ta gaza, farfela ba ta kama ruwa sosai, famfon da ke sanyaya injin ya riƙa zuƙar iska, injin ya yi zafi ya tsaya. In ta yi tsawo kuwa, sai ta riƙa sharar yashi tana karo da kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye. Sa'an nan injin hannu da ya yi aiki a teku, gishiri kan cinye hanyoyin ruwan da ke cikinsa, alhali sabon fenti ya rufe bayansa. Wane hoto ne zai nuna wannan?

Ga kuma batun gyara. Makanikin bakin ruwa ya san irin su Yamaha Enduro, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kamar yadda ya san yunwar cikinsa, fulogi da farfela kuma suna nan a shago. Sabbin injuna masu na'urar lantarki ba su shan mai da yawa, gaskiya ne, amma wasunsu sai da kwamfuta ake gano ciwonsu. Mota in ta mutu akan tura ta gefen hanya. Kwale-kwale ɗauke da mata da yara a tsakiyar ruwa, iska kuma ta taso, ba shi da gefe.

Ba ina wanke dillalai ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 wasunsu suka sami hujjar tsawwalawa, wasu kuma na cusa kayan gyara na jabu. A nan intanet ke da amfani: mutum ya duba farashi tukuna, don kada a yi masa yankan wuƙa. Amma dillalin gari yana da shago, an san gidansu, in ya ci amana akwai sarkin kasuwa.

Kamata ya yi mai saye ya auna bayan jirginsa, ya tafi shagon da makanikin da zai riƙa duba injin. A tsoma ƙafar injin cikin duro cike da ruwa, a tayar da shi, a ga ruwan sanyaya yana tsartuwa. Lambar da ke jikin injin kuma a rubuta ta a kan rasit kafin ko kwabo ya fita daga aljihu.